Yadda Za Ka Gane Tsohuwar Bas Kafin Ka Sa Mata Sifana

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, ina kwance ƙarƙashin tirela a garejinmu da ke Agege, sai ƙanena mai sana'ar gwangwan a Owode Onirin ya kira ni. Ya ce, "Yaya, an jawo mana wata tsohuwar molue, jibi za a yanka ta. Amma ni dai tunda nake ban taɓa ganin mai irin wannan hanci ba. Ka zo ka gani kafin a sa mata wuta." Na wanke hannu da kananzir na kama hanya.

Ina hango ta na san ba irin molue ɗin da muka saba ba ce, wato manyan bas ɗin haya na Legas. Tayoyi duk sun kwanta, ciyawa ta fito ta cikin daɓen, rufin ya lotsa kamar an zauna a kai. Duk wanda ke wurin "911" yake ce mata, saboda a Legas duk wata doguwar bas mai ruwan ɗorawa da hanci a gaba sunanta ke nan, sunan wani samfurin Mercedes. Da na yarda da bakin mutane na tafi kasuwar kayan mota ta Ladipo na sayo kayan Mercedes, da na zubar da kuɗi kuma na ɓata motar. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya zo neman shawara: wata guda na farko, aikinka kallo ne da rubutu. Kada ka kwance komai, kada ka yar da komai.

Abin da za ka fara sa wa a ranka shi ne, irin waɗannan motoci ba kamfani ɗaya ya yi su ba. Shasi da inji da hanci daga Turai suke zuwa, ko a harhaɗa su a nan, sannan maƙeranmu su gina bodin a kai da ƙarfe ko katako. Saboda haka tambayoyi biyu ne a gabanka, kuma amsarsu daban: ƙasan motar na wane ne, saman kuma wa ya gina shi, yaushe?

Fara da noti. Wannan ita ce hanya mafi sauri da na sani, kuma ba ta buƙatar takarda ko ɗaya. Kayan Jamus da milimita ake auna su, tsofaffin kayan Ingila kuwa da inci. Ka samu notin da ka tabbata na asali ne, kamar na jikin sifirin ko na bakasil, ka gwada. Idan sifana mai lamba 13 ta shiga amma tana ɗan rawa, wataƙila notin rabin inci ne, wato milimita 12.7. Idan 14 ta ƙi shiga, 15 kuma ta yi masa yawa, to 9/16 ne. Kada ka gwada da 19, don ita da 3/4 kusan ɗaya suke, ba za ta gaya maka komai ba. A ranar nan sifana ta 14 ta ƙi shiga noti uku a jere, sai na ce wa ƙanena, "Wannan 'yar Ingila ce."

Daga nan sai lambar shasi. Ka ɗauki burushin ƙarfe da kananzir ka bi dogayen ƙarafan nan biyu, musamman daga gaba kusa da inda sifirin yake kamawa, ka duba cikin gidan direba da bangon da ke tsakanin inji da ƙafafunsa ko akwai ɗan faranti. Kada ka sa injin gurza, zai cinye lambar tare da tsatsar. Idan ta fito dishi-dishi, ka goga alli a kai ka share da yatsa, ko ka haska tocila daga gefe da daddare. Lamba mai haruffa da alƙaluma 17 da ka sani a motocin yanzu daga 1981 ta zama ƙa'ida, don haka gajeriyar lamba alama ce ta tsufa, ba ta jabu ba. Tamu farantin ya rage rabi, amma sunan Bedford yana nan, kuma a ƙarƙashin fenti a goshin motar na tarar da inuwar tambarinsu, dabbar nan mai fuka-fuki da kan gaggafa.

Bedford a wancan zamani ta kamfanin Vauxhall ce na Ingila. Samfurin da muke magana a kai, TJ, ya fito a 1958, kuma a wajajen wannan lokaci aka fara harhaɗa Bedford a Apapa. A kan irin wannan shasi aka gina bolekaja da yawa, motocin katakon nan da sunansu da Yarabanci ke nufin "sauko mu yi faɗa". Daga baya Mercedes 911 ta mamaye titi har aka manta da sauran. Ita 911 sunanta ma bayani ne: tan 9 na nauyi, da ƙarfin doki wajen 110. Hancinta gajere ne mai kumburi, wani sashe na injin yana shiga cikin gidan direba. Hancin Bedford ya fi fitowa gaba, kuma ya sunkuya. In ka taɓa ganin su gefe da gefe ba za ka sake haɗa su ba.

Gano shekara shi ne inda aikin yake da daɗi, kuma a nan na fi daɗewa.

Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. Kafin wannan rana sitiyari yana dama, ƙofar fasinja kuma tana hagu, wajen bakin titi. Motar da ta yi aiki kafin canjin kuma ta ci gaba bayansa, dole ta ɗauki tabo. Da na shiga ƙarƙashin tamu na duba ƙarfen shasi na dama, sai ga ramuka a jere babu komai a cikinsu, daidai inda akwatin sitiyari zai zauna. A ɓangaren hagu, inda yake yanzu, ramukan ba su da tsabta irin ta kamfani, hannu ne ya huda su. A daɓen gidan direba ta dama an liƙe wurin da sandunan birki da kuloci suke fitowa da wani gwangwani. Na fito na bi bodin ta hagu da maganaɗisu, ina ƙwanƙwasawa, sai na ji wurin da sautin ya canja: an toshe ƙofa, faɗinta da tsayinta suna nan a fili idan rana ta bugi gefen da yamma. Ƙofar dama kuwa an yanke ginshiƙi guda aka buɗe ta. Ke nan ba shasin kaɗai ba, har bodin ya girmi 1972.

Sai ƙananan shaidu. Kayan wuta na kamfanin Lucas na Ingila, irin su dinamo da kik da injin share gilashi, galibi ana buga musu wata da shekarar da aka ƙera su a jiki. Dinamo da kik ana yawan canja su, saboda haka ban cika yarda da su ba. Injin share gilashi kuwa da wuya a taɓa shi, kuma namu ya nuna tsakiyar shekarun 1960. A kusurwar gilashin gaba akwai tambarin Triplex, kamfanin gilashi na Ingila. Da muka ɗaga katakon daɓe daga baya, a cikin ƙasar da ta taru a lungu muka tsinci kwabo mai huji guda biyu. Naira da kwabo na yanzu sun shigo ne ranar 1 ga Janairu 1973, don haka wanda ya yar da waɗannan ya shiga motar ne a zamanin fam da sule. Na wanke su na ajiye a cikin kwalba. Shaida ɗaya ba ta isa ba, don kowane abu ana iya ɗauko shi daga wata motar, amma in huɗu suka taru suna faɗin magana ɗaya, sai ka yarda.

Kada ka raina tsofaffin direbobi. Na ɗauki hotunan a waya na kai wa wani dattijo Bayarabe da ya yi tuƙi tun yana saurayi, yanzu yana zama kusa da tasha. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, ko ka san wannan?" Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mini kujerun da ke ciki ba nata ba ne, asalinta benci ne dogaye na katako, kuma in duba bango zan ga inda aka kafa su. Na duba, suna nan.

Kafin ka biya ko sisi, ka gyara maganar mallaka. Mota irin wannan sau da yawa gado ce, ɗaya daga cikin magada ya sayar, sauran ba su sani ba. Ka bi sawu har gidan da aka jawo ta, ka zauna da manyan gidan, a rubuta yarjejeniya da lambar shasi a ciki, da shaidu. In takardun asali sun ɓata, a yi takardar rantsuwa a kotu da rahoton 'yan sanda. Mu sai da muka yi zuwa uku. Masu gwangwan kuma da nauyi suke saye, don haka ka san da kilo za a yi maka lissafi, ka ɗora musu riba ta mutunci. Wajen ɗauka kada ka ja ta da janwe a kan tayoyinta, a ɗora ta bisa lobed, tirelar nan mai ƙasa-ƙasa. Birkin da ya shekara ashirin a tsaye ko dai ya kama gam ko babu shi sam.

Da ta iso gareji, abu na farko rumfa. Iskar Legas gishiri ne da laima, kuma tamfol da aka lulluɓa kai tsaye a jikin mota ya fi ruwan sama ɓarna, don yana riƙe gumi. Ka yi rufin kwano, ka bar gefe a buɗe, ka ɗora shasin a kan katakai masu kauri. Sannan ka ɗauki hoton kowane lungu. Duk abin da aka kwance a sa shi a leda ko gwangwani, a rubuta daga inda ya fito. Na hana yarana yar da ko da ruɓaɓɓen katako ne, domin shi ne ma'aunin da kafinta zai bi.

Shasi ne zai gaya maka ko aikin ya cancanci a fara. Ka bi shi da ƙaramar guduma taƙi bayan taƙi. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ka bugi kwali. Ka fi mai da hankali inda sifirin yake kamawa da inda katakon bodi ya kwanta a kan ƙarfe, nan ruwa yake kwana. Ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa da igiya, in tsawon biyun bai zo ɗaya ba, shasin ya murɗe. Kuma ka tsaya a kan mai walda. Kada ya ja walda a gicciye bisa leɓen shasi na sama ko na ƙasa, wurin zai tsage daga baya. Inda ya yi rauni a sa masa faranti daga ciki, a ɗaure da noti masu ƙarfi. Tamu ta ba mu sa'a, ƙarfen giciye guda biyu kawai muka sake.

Inji kuwa, ina roƙonka kada ka kawo batir ka ce bari a ji ko zai tashi. Na ga an karya ringi an lanƙwasa sandar fistin a cikin daƙiƙa biyu ta wannan hanya. Namu na gas ne mai silinda shida, wanda ake kira 330, kimanin lita 5.4. Mun cire nozul duka shida, muka zuba gas da ɗan man giya a kowane rami, muka bar shi mako biyu muna ƙarawa. Kullum da safe sai in sa dogon ƙarfe a notin gaban kiranshaf in ɗan motsa gaba da baya, ba da ƙarfi ba. A rana ta goma sha shida ya saki. Bayan nan muka sauke kaskon baƙin mai muka kwashe laka, muka cire tanki aka wanke, aka kai famfon gas da nozul wurin masu gwada su, aka wanke lagireto. Kafin a haɗa batir ka sa rewaya ya duba wace waya ce ke zuwa jikin mota, domin motocin Ingila da yawa na wancan zamani ɓangaren fulos (+) na batir suke haɗawa da bodi, saɓanin na yanzu.

Ranar tayarwa, ka cire bututun iska, ka tsayar da mutum ɗaya riƙe da faffaɗan katako a bakin inda injin yake shaƙa. Tsohon injin gas yana iya tashi ya yi ta hawa ba ya jin totur ba ya jin makulli, kuma abin da zai kashe shi kawai toshe masa iska. Da katako, ba da tafin hannu ba, ba da tsumma ba.

Abubuwa biyu ne a wannan aiki suke kashe mutum, kuma ba na gajiya da maimaita su. Na farko wili mai zobe. Tsofaffin manyan motoci wilinsu gida biyu ne ko uku, in zoben ya yi tsatsa bai zauna daidai ba, yana fitowa kamar harsashi lokacin da ake ba da iska. A sace iskar gaba ɗaya kafin a taɓa noti, a ɗaure da sarƙa ko a sa a keji kafin a hura, kowa ya matsa gefe. Na biyu ƙurar birki. Tsohon layinin birki yana iya ƙunsar asbestos, wanda ke lalata huhu bayan shekaru. Kada a busa da iska, a jiƙa da ruwa a goge, a rufe hanci. Tsohon fenti ma yana iya ƙunsar dalma, don haka da ruwa ake gurza shi. A birki ban bar roba ko ɗaya ta da ba, har bututun ƙarfen duka sabbi muka ja.

Neman kaya shi ne mai cin lokaci. Ladipo cike take da kayan Jamus da Japan, na Bedford sai an tona. Ka riƙa tafiya da tsohon a hannunka da ma'auni, don beyarin da sil da lamba ko girma ake samun su, ba da sunan mota ba. Ka bar lambarka wurin 'yan gwangwan, ka ce duk ranar da aka kawo mai irin wannan hanci a kira ka. Ta haka muka samu bakasil na biyu da muka ciri kaya a ciki. Abin da ya gagara, masu injin sassaƙa ƙarfe suna iya yin sa in ka kai samfur. Wasu kuma ta intanet, daga Ingila ko Pakistan, inda har yanzu irin wannan Bedford take ɗaukar kaya a kan titi.

Yanzu bodi, inda na yi gardama da mutane da yawa. Wani Alhaji da nake gyara wa tireloli ya zo ya gani ya ce, "Malam, ka cire wannan tarkacen ka gina mata sabon bodi mai gilashi, ka sa mata injin zamani, a riƙa ɗaukar amare." Na ce, "Ranka ya daɗe, in na yi haka na samu bas, amma na rasa wannan." Shasin Bedford akwai irinsa a ƙasashe da yawa. Bodin da maƙerin Legas ya lanƙwasa da hannu, ya toshe wa ƙofa ya buɗe wata saboda doka ta canja, shi ne ba za ka samu a wani wuri ba. Don haka inda kwano ya ruɓe, iya wurin muka yanke, muka sa mai kauri ɗaya. Foti kaɗan ƙwarai, don a Legas foti mai kauri damina biyu yake yi ya kumbura. Katakon daɓe da gara ta ci muka maye da iroko busasshe, aka shafa masa magani, aka sa kwalta tsakaninsa da ƙarfe. Tabon tsohuwar ƙofa na bar shi ana gani. Sitiyari ma na bar shi a hagu, saboda dokar hanya ba ta yarda da mai sitiyari a dama ba, kuma can ya yi mafi yawan rayuwarsa.

Kafin fenti, ka zaɓi wuri kamar faɗin tafin hannu ka gurza a hankali da samfefa mai laushi da ruwa, hawa bayan hawa. Mun ƙirga biyar: ruwan ɗorawa sau uku a sama, shuɗi a ƙarƙashi, kore mai duhu a can ƙasa. A saman gilashin gaba, ƙarƙashin shuɗin, haruffa suka fara fitowa. Kwana uku na yi a kan wannan allo ni kaɗai, ban bar yaro ya taɓa ba. Rubutun Yarabanci ne, "Aiye loja", wato duniya kasuwa ce. Na sa takarda mai shara-shara na kwafe shi yadda yake, sannan na nemo tsohon mai rubutun mota da ke aiki da burushi, ba mai yanka sitika ba, ya bi sawun na farko. Launi kuwa kore muka koma. Ban da cewa shi ne na asali, ruwan ɗorawa da baƙin layi fentin motar haya ne a Legas, zai jawo maka tambayoyi a kowace mahaɗa.

Takardu sai ka bi su da haƙuri: sabuwar rajista da yarjejeniyar nan da ka rubuta, inshora, da takardar lafiyar mota bayan an gwada birki da fitilu. Ka ƙara sigina da madubai ko da asalinta ba ta da isassu, amma ka kafa su ta yadda za a iya cirewa ba tare da an huda sabon wuri ba.

Gwajin farko ranar Lahadi muka yi bayan asuba, titi ba kowa, mota ɗaya tana bin mu da ruwa da igiya. Kowane kilomita biyu sai mu tsaya in taɓa kowane wili in ji ko ya yi zafi, in leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. Na hagu na baya ya ɗauki zafi, muka sassauta shi a bakin hanya. Giyarta tana son a taka kuloci sau biyu, sitiyarin kuma da ƙarfin kafaɗa ake juya shi, sai da na koya wa babban yarona daga farko. Na biya na ɗauki Baban nan, ya zauna a bencin gaba ya dafa bango, bai ce komai ba har muka juyo, sannan ya ce injin ya ɗan yi saurin numfashi in yana tsaye, a rage masa. Ya yi gaskiya, mun rage.

Yanzu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna tayar da ita ta yi zafi sosai, mu zagaya da ita cikin layi don birki kada ya kama, tankin kuma a cike yake kwana saboda laima. Zoben fitilar gaba ta dama har yau ban samu ba. Na bar wa ƙanena na hagun a Owode Onirin, yana gwada shi da duk wanda aka kawo.